Kwalin da Ya Sauka Karaye

Rana ta take tsaka a Aliero lokacin da Kamaluddeen ya kashe mashin a ƙofar shagon kwamfuta na Yusufu, ya ci gaba da zama a kai kamar ya manta abin da ya kawo shi. Warin albasa ya cika gari, manyan motoci sun yi layi ana loda buhuna. Tun safe yake yawo. Daga Jega ya je Birnin Kebbi, can aka ce masa ya gwada Aliero, wai akwai wani shago kusa da jami'a da ya san kan irin kayansa.

Da ƙyar ya sauko, ya kwance wani ƙulli da ya naɗe da tsohon zanen innarsa, ya yi sallama.

Wata budurwa ce a ciki, da hijabi ruwan toka, tana buga wa ɗalibai takarda. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Maigidan na nan?"

"Yaya ya tai Sakkwato. Mi ka kawo?"

"Ba aikin bugu ba ne. Haɗa inji ne, sai dai shi."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta dube shi, ta dubi zanen, ta danne dariya.

"To kwance mu gani, in ya so sai in gaya mashi in ya dawo."

Ya kwance. Madabod ce, babban allon nan da ake dasa komai na kwamfuta a kansa, sai firosesa, ƙwaƙwalwar injin, a cikin 'yar roba. Ta ɗauki kowanne ta juya a hannu, ta kai su bakin ƙofa wajen haske.

"Wa ya saida maka wanga da wanga tare?"

"Ba tare na saye su ba. Allon daga Kano, ƙwaƙwalwar kuma hannun wani ɗalibi."

"Shi ya sa. Ba su shiga juna, Malam. Dubi gurbin, dubi ƙafafun. Ko kwana ka yi kana dannawa..." Ta tsaya, ta ƙara kusantar da firosesar ga idonta. "Ka ma danna, ko?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin ne ya lanƙwasa ƙafafun haka?"

Kamal ya sami benci ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Wata da watanni yana kai da kawo a kan kayan nan, sai ga wata yarinya ta gama da su kafin ya share zufa. Bai ji haushi ba, ƙarfin jin haushin ma babu. Sai ya ga an miƙo masa kofin ruwan randa.

"Sha tukuna. Allon naka lafiyayye ne, ba a yi asara duka ba. Mi kake son haɗawa?"

Ya sha, ya faɗa mata. Mai gyaran waya ne a unguwar Firchin ta Jega. Lokacin da ya je koyon aiki Kaduna ya ga wani shago inda samari ke wasan ƙwallo da tseren mota a kwamfuta, hoton kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Tun daga nan abin ya zauna masa a rai. Yana so ya haɗa tasa da hannunsa, ya ajiye a bayan shagonsa, samarin Jega su daina sai sun je birni. Duk wanda ya faɗa wa sai ya yi dariya.

Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ai ba daga wayoyi ake farawa ba, daga tsari ake farawa. Ka dawo ran kasuwa."

"Wa zan ce ina nema?"

"Iklima."

Ya maimaita sunan a kan hanya har Jega.

Ran kasuwa ya dawo, kasuwar da ta biyo baya ma ya dawo. Yusufu ya lura cewa mai gyaran wayar nan ba ya zuwa sai lokacin da ƙanwarsa ke tsaron shago, ya yi murmushi ya ƙyale. Iklima ta yi difloma a fannin kwamfuta, tana zaune gidan yayan nata a Aliero. Mahaifinsu, Malam Ayuba, yana can Karaye ta Maiyama, manomin albasa da gero, mutum mai kaifi ɗaya.

Kaya ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zaɓa, kuma kowanne sai an yi gardama. Ta sa ya nemo firosesar da ta dace da allon. Da aka zo kan ram, ma'ajiyar wucin gadi ta injin, ya ce akwai wata tsohuwa a durowarsa, a haɗa da sabuwa. Ta ce a'a, guda biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, in ba haka ba kullum suna faɗa da juna. Da aka zo kan kes, akwatin da ake zuba kayan a ciki, ya nuna mata wani ɗan ƙarami mai fitila shuɗiya.

"Wanga na ado ne," in ji ta. "Nan Kabi ce, ba Jos ba. Ka ɗauki babba mai wurin shan iska, ka ƙara fanka gaba da baya."

"Ke dai komai fanka. Ko hadis ɗin ajiyar bayanai ma na san fanka za ki ce a sa mashi."

"In ka ga watan bazara ka gode mani."

Daga ranar ya sa mata Sanyina. Ita kuma Injiniya take ce masa, in kuma ya shigo yana jan ƙafa ta ce Malam Gajiya ya iso.

Wata safiya kafin ya buɗe shago ya tura mata saƙo:

"Sanyina, ina kwana. Jiya wayoyi sun yi min yawa har idona na ruwa. Na duba kes ɗin nan babu komai a ciki sai fankokinki, sai na ji kamar kina shagon. Allah ya sa kin tashi lafiya."

Amsa ta zo yana share tebur:

"Lafiya lau Injiniya. Ka ci abinci kafin ka taɓa wayar kowa. Kuma kada ka kunna komai sai sitabilaiza ta zo, na san halinka."

Ba shi kaɗai ke zuwa shagon ba. Akwai Barau, dillalin albasa mai manyan motoci da ke zuwa Ikko, wanda shi ke sayen albasar Malam Ayuba kowace shekara. Yakan tsaya a ƙofa da makullin mota a yatsa, ya dubi Kamal sama da ƙasa.

"Har yanzu ba a gama haɗa abin wasan yaran ba?"

"Ana kai, Alhaji."

Iklima ta riga ta ba Barau amsa cikin ladabi tun bara, amma bai daina zuwa ba.

Gardamar da ta fi tsawo ita ce ta katin hoto, wanda shi ne ran kwamfutar wasa. Ran Kamal na kan wani babba da ya gani a Kaduna, tun lokacin yake mafarkinsa. Iklima ta girgiza kai.

"Yana cin wuta kamar dutsen guga. Fawa-fak ɗin da muka saya, mai raba wa injin wuta, ba ya ɗaukarsa, ɗan janaretonka ma haka. Ga zafi. Ka ɗauki matsakaicin, duk wasannin da ka lissafa zai buga su, kuma zai daɗe."

"Sanyina, sau ɗaya mutum ke haɗa irin wagga."

"Shi ya sa nake so ta yi aiki."

Ya ce to. Da baki.

A gabansa ta kira Idris, wani ɗan Jega mai shagon kayan kwamfuta a Ikko, ta ce ya turo matsakaicin. Yadda aka saba shi ne, in motocin albasa sun sauke kaya za su dawo wayam, sai a ba direba saƙo, a rubuta suna da lambar waya a jikin kwali. Sunanta Idris ya saba rubutawa, don ita ke yi wa shagon oda.

Kamal ya kwana biyu abin na cinsa. Rana ta uku, daga bayan shagonsa, ya kira Idris a ɓoye ya ce a canza, babban yake so, ya tura cikon. Ya gaya wa kansa in ta ga hoton da zai fito za ta huce.

A makon ne kuma baffannin Kamal suka shirya zuwa Karaye gaisuwar neman auren Iklima. Yusufu ya riga ya share hanya, ko da yake ya gargaɗe shi. "Baba bai gamsu da kai ba tukuna. Ya ce gyaran waya sana'a ce, amma namiji ya tara samari suna wasa, wannan bai gane mashi ba. Ka bi a hankali."

Ana jibi tafiya, saƙo ya zo daga Karaye: a dakata.

Babu dalili, babu sabuwar rana. Ya kira Iklima, waya a kashe. Ya hau mashin zuwa Aliero, ya tarar da kujerarta babu kowa, Yusufu kuma ya tafi sayo takarda, maƙwabcin shago ya ce ai tun shekaranjiya aka zo aka tafi da ita gida. Ya je tasha neman katinsa, aka ce motar ta iso tuni, a tambayi mai ita. Wace mota? Ta Alhaji Barau. Wani ɗan kamasho ya ƙara da cewa ai an ga Alhajin ma ya nufi Karaye da kansa.

Kamal ya koma Jega. Kwanaki ya yi yana aiki kamar inji, ya kwance waya ya manta ta wane ne. Inna ta ajiye masa tuwo, ta dawo ta ɗauke kamar yadda ta kawo. Da abin ya ishe shi ya rubuta:

"Iklima, in Barau kika zaɓa ki faɗa min da bakinki, ba zan riƙe ki ba. Na gaji da kiran wayar da ba a ɗauka. Na gaji da tambayar mutane inda kike."

Sai bayan kwana biyu amsa ta shigo:

"Ban zaɓi kowa ba bayanka, kuma ban yi zaton za ka rubuta min haka ba. Kai ne ka zaɓi abin da ban ce ba. Kada ka zo Karaye, kada ka ce wa Baba komai. Ka bari ya huce. Wayar tana hannun Goggo, aro na yi."

Ya karanta ya sake karantawa, ya rufe shago da rana tsaka ya koma Aliero. Wannan karon ya sami Yusufu. Yusufu bai ce masa zauna ba. Ya jawo wani abu daga ƙarƙashin kanta, naɗe cikin buhun albasa, ya dire a gabansa.

"Kwance."

Kwalin katin ne, babban. A jikinsa kamfanin ya zana wata mata riƙe da takobi, sanye da 'yan guntayen ƙarafa da ba su rufe komai ba, cibiya a waje, gashi har gadon baya. A saman kanta kuma ga takardar Idris manne: Iklima Ayuba, da lambar wayarta.

Kamal ya ƙura wa takardar ido.

"Igiya ce ta yaga kwalin waje a mota," in ji Yusufu. "Barau ya hango hoton, ya ƙarasa yage sauran, ya cire takardar sunan ya manna nan. Bai kawo shago ba. Karaye ya kai, bayan la'asar, zaure cike da mutane. Ya ce, Malam, ga saƙon ɗiyarka daga Ikko, na ce in kawo da kaina kada ya ɓace."

"Innalillahi. Ba su buɗe ba? Ai ƙarfe ne a ciki!"

"Wa zai buɗe? Baba ko taɓawa bai yi ba, da sanda ya tura shi. Kowa ya ɗauka finafinan banza ne. Ya sa anka ɗauko Iklima, ya ce wa ya yi odar wanga abu. Ta ce ita ce."

"Ita? Ai ni ne! Ita matsakaicin ta ce, ni na kira Idris..."

"Na sani, ita ma ta sani tun da ta ga lambar katin. Amma ta san Baba dama neman dalili yake a kanka. In ya ji kai ne, magana ta mutu. Yanzu ya ce ta bar shago ke nan, kuma kunya ce ta sa ya tsai da baffanninka, yana ganin ɗiyarsa ce ta yi abin kunya, ba kai ba." Yusufu ya sauke murya. "Ka ga, in ka yi shiru, bayan damina zai aiko ku zo. Har godiya zai yi maka. Abin da take so ke nan. Ka ɗauki kayanka ka tai gida."

Ya ɗauka. A shago ya fitar da katin, ya dasa shi a allon don kawai hannunsa ya sami abin yi. Ya tada janareto, ya kunna. Filin ƙwallo ya fito kore shar, har inuwar 'yan wasa ana gani, irin hoton da ya yi shekaru yana mafarki. Bai kai ga buga ƙwallon farko ba fankoki suka yi ƙara, janareto ya yi tari, fuskar kwamfutar ta yi baƙi. Ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Ya taɓa fawa-fak ɗin, zafi kamar murfin tukunya.

Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Shiru kawai ake nema daga gare shi, abu mafi sauƙi ga mutumin da ya gaji. Zai sami matar. Amma za ta shigo gidansa da wannan suna a bakin mutanen Karaye, kuma ba za ta sake zama a kujerar nan tana juya allo a hannu ba.

Da safe ya cire katin, ya mayar cikin kwalinsa, ya ɗaure a bayan mashin ya kama hanyar Maiyama.

Ya sami Malam Ayuba a rumfar ajiyar albasa a bayan gida, yana tsince waɗanda suka fara laushi. Yayarsa, Goggo Tabawa, tana zaune a kan tabarma tana taya shi. Kamal ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. Ni ne Kamaluddeen na Jega."

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Na gane ka, ɗana. Na aika ku yi haƙuri, akwai abin da nake gyarawa cikin gidana."

"Baba, babu abin gyara a gidanka. A wurina yake."

Ya kwance buhun. Goggo ta ja mayafi ta rufe ido ɗaya. "A'uzubillahi, ta sake dawowa?"

Ya kifa kwalin, ya buɗe ta ƙasa, ya zaro katin ya ajiye a kan tabarma. Wani allo ne kore da fanka a jiki, babu komai bayan haka. Ya yi bayani daga farko: abin da Iklima ta zaɓa, abin da ta hana shi, kiran da ya yi a ɓoye. Bai rage komai ba.

Goggo ta ɗauki katin ta juya, ta hura fankar ta zagaya. "Wanga ɗan ƙarfen shi ne duka? To ita wagga marar kunya mi take yi bisa kwalin?"

"Talla ce, Goggo. Haka masu kamfanin ke yi."

"Tallar mi? Ko zane ba su saya mata ba!"

Malam Ayuba bai yi dariya ba. Ya ajiye albasar da ke hannunsa a hankali.

"Wato ɗiyata ta dubi idona ta yi mani ƙarya sabili da kai."

"Don ta rufa mani asiri ne, Baba. Ni ban sani ba sai jiya."

"Ta ba ka shawara ka amsa da baki, ka zagaya ka yi abin da ranka ke so. Tun ba a ɗaura ba ke nan." Ya nuna hanya da hannu. "Kwashe tarkacenka. Tashi ka ba ni wuri."

Kamal ya kwashe. Yana tura mashin ya ji kamar an motsa labulen wata taga, amma bai waiwaya ba.

Bazara ta yi tsanani a shekarar. Ya mayar wa Idris katin ta hannun wani direba daban, ya roƙe shi ya turo wanda aka ce tun farko, kuma don Allah a duba kwalin. Katin ya zo a kwali ruwan ƙasa, ko zanen tsuntsu babu. Ya dasa, ya kunna. Kwamfutar ta tashi lafiya, ta wuni tana aiki, fankoki na juyawa a hankali. Samarin Firchin suka cika bayan shagon da ihu, har daga Kimba ake zuwa. Shi kuwa yana gaba yana gyaran waya, ko juyawa ba ya yi.

Saƙo ɗaya kawai ya samu a duk tsawon lokacin:

"Na ce kada ka je, ka je. Ba ka jin magana, Injiniya. Baba ya bar ni na koma shago, amma ya ce babu magana tsakaninmu, kuma ba zan sake saɓa masa ba. Na gode. Ka riƙa cin abinci."

Ya bar zuwa Aliero. In aiki ya kai shi hanyar Sakkwato, sai ya wuce ta bakin titi bai dubi ɓangaren jami'a ba.

Wata ranar kasuwar Jega, hadari ya fara haɗuwa a gabas, yana sunkuye a kan wata waya ya ji an yi sallama. Ya ɗago. Malam Ayuba ne, da buhun taki a kafaɗa. Kamal ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Zauna, zauna. Wagga 'yar wayar ce tocilarta ta daina kamawa. An ce ka iya."

Ya karɓa. Datti ne kawai ya toshe maɓallin, amma ya daɗe yana gogewa. Dattijon ya ajiye buhun, ya leƙa bayan shagon. Samarin suka gaishe shi, ɗaya bayan ɗaya suka sulale waje.

"Ita ce wagga?"

"Ita ce, Baba."

"Buɗe mani cikinta in gani."

Ya kashe ta, ya kwance murfin gefe. Malam Ayuba ya sunkuya, hannuwa a baya, yana dubawa kamar mai duba irin shuka.

"Wanga babban akwatin, wa ya zaɓe shi?"

"Iklima."

"Wanga mai fanka a tsakiya?"

"Ita ce. Wanda na sayo da farko bai shiga ba."

"Waɗanga biyun masu kama da juna?"

"Ita."

"Wanga fa, ɗan'uwan na ranar nan?"

"Shi ne wanda ta ce tun farko."

Dattijon ya miƙe, ya dube shi. "To kai mi ka zaɓa?"

Kamal ya sunkuyar da kai. Gajiyar watannin nan duka ta taru a muryarsa.

"Baba, a cikin injin nan abu ɗaya na zaɓa da kaina, ka ga inda ya kai ni. Ɗaya abin da na zaɓa a rayuwata yana gidanka. Shi kam ban yi kuskure ba."

Malam Ayuba ya ja benci ya zauna, ya share fuska da gefen rawani.

"Barau ya turo mutane," ya ce. "Na ce su gaya mashi, wanda ya ga abin da yake zaton kunyar yarinya ce, ya ɗauko shi ya kawo zaure cike da jama'a, ba ni ba shi ko akuya kiwo. Kai kuma da ka yi shiru da ka samu a sauƙaƙe, Yusufu ya gaya mani. Ka zo ka ɓata naka don ka gyara nata." Ya numfasa. "Ga Tabawa ta hana ni shan fura lafiya. Ita kuma yarinyar ba ta ce komai ba, rama kawai take yi. Ni ma na gaji, ɗana."

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

"Wasan nan dai har yanzu ban gane mashi ba. In an kira salla ka kashe shi."

"Ina kashewa."

"To. Ka gaya wa baffanninka hanya a buɗe take. Ba ni wayata, hadari na tahowa."

Kamal bai ko tsaya ganin dattijon ya hau mota ba, ya jawo wayarsa:

"Sanyina, Baba ya zo shagona da ƙafarsa. Ya ce a turo. Ban san me zan rubuta ba."

"Na sani, Goggo ta riga ka. Alhamdulillah. Kada ka zaɓi kayan lefe kai kaɗai, don Allah."

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a masallacin Karaye. Mutanen Jega suka cika motoci, 'yan shagon Aliero suka zo da ɗalibai, samarin Firchin suka yi ayarin mashina har Goggo Tabawa ta fito tana faɗa kada su take mata kaji. Malam Ayuba da kansa ya kama hannun Kamal bayan an shafa fatiha, ya ce, "Amana ce. In ta ba ka shawara, in ba ka yarda ba, ka faɗa mata a gabanta."

"In sha Allahu, Baba."

Goggo kuwa ta dafa kan amarya ta yi ta zuba addu'a: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka, ya raba su da masu kai saƙon da ba a aike su ba. Mata suka amsa da amin da guɗa.

Da la'asar, ana jiran motocin kai amarya Jega, abokan ango suka neme shi suka rasa. Can aka same shi a zauren Malam Ayuba, zaune cikin babbar riga, ya jingina da bango, hula ta karkace, yana barci kamar wanda ya yi shekara bai runtsa ba. Yusufu ya hana a tashe shi.

Da ya farka ya ga saƙo a wayarsa:

"Angona, an ce ka yi barci a zaure. Yi abinka, ka gama yawo. In ka tashi ka zo ka kai ni gida."

Ya gyara hula, ya miƙe. Allah ya bar su tare, ya sanya albarka a gidan.